Lambar da Sai An Buga da Hannu

Sunana Pyo Sang-cheol. Ina gyaran kwamfuta a kasuwar Yongsan, hawa na uku, dab da banɗaki. Ba ni na zaɓi wurin ba, amma yau da gobe ta sa mun saba, ni da warin. A ƙarƙashin teburina akwai wata kwamfuta da muke kira Tsohuwa. Ba ta sayarwa ba ce, ko da yake ba wanda ya taɓa tayawa. Ita ce ke riƙe da zauren hirarmu na intanet, irin na da da ake kira IRC, wanda muka buɗe tun muna 'yan jami'a, lokacin ina da gashi da kuma ra'ayi a kan komai.

A da zauren cike yake, sai ka yi da gaske kafin maganarka ta samu wurin zama. Yanzu sunaye biyar suka rage a gefen allo. Biyu na wasu ne da ba sa leƙowa sai ranar sabuwar shekara. Ɗaya nawa. Ɗaya na abokina Ok Dong-ryeol, wanda ke sayar da inshora, yana kuma kirana hyeong, wato yaya, duk da 'yan watanni kawai na ba shi. Na biyar shi ne miyeok.

Miyeok ganyen teku ne, wanda ake miya da shi. Seol Mi-ran ta ɗauki sunan ne saboda gashinta, in ruwa ya taɓa shi haka yake kwanciya. Ajinmu ɗaya. Ta fi mu iya rubuta manhaja, ta fi mu iya zagi, kuma duk lokacin da na shirya gaya mata wata magana sai in ji bakina yana yi mata bayanin waya da soket. Daga baya ta koma Tongyeong, can bakin teku. Magana ta ƙarshe da ta rubuta a zauren ita ce, "Ana ruwa a nan." Shekaru ke nan. Lambar wayarta ta dā tuni ta zama ta wani mai sayar da taya. Amma sunanta bai bar gefen allo ba.

Ga dalili. Tsohuwa ba ta yarda da kowa ba. Duk wanda ya yi shiru na 'yan mintoci, sai ta aika wa kwamfutarsa kalma ɗaya: PING. Kana nan? Manhajar da ke can sai ta mayar: PONG. Ina nan. In amsa ba ta zo ba, Tsohuwa ta ɗan jira, sannan ta goge sunan, ta sanar wa zaure cewa wane ya ɓace. Mai kwamfutar ba ya ganin wannan gaisuwa, tsakanin na'urori ake yin ta, kamar yadda masu gadi biyu ke ɗaga wa juna hannu alhali masu gidan ba sa ga maciji.

Ni kuwa ina gani. Ina da wata 'yar taga a kusurwar allo inda gaisuwar ke wucewa. Tsohuwa ta tambayi miyeok, miyeok ta amsa. Ina cin abincin rana ina kallo, kamar yadda wasu ke kallon kifi a cikin gilashi. Na san ba ita ba ce. Sana'ata ce, na fi kowa sani. Wata kwamfuta ce a wani ɗaki a Tongyeong da ba a kashe ba, mai yiwuwa an ɗora mata tukunyar fure. Amma mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda ba wanda ke tambayarsa ko ya iso gida lafiya, ba ya raina "ina nan", ko daga bakin wa ta fito.

Sai aka ce za a rushe gininmu.

Matsalar ba ɗaukar Tsohuwa ba ce, hannu ɗaya ya isa. Matsalar lamba ce, wato adireshin da ake bugawa a shiga zauren. Kowane zaure na mutanen kirki yana da suna, ka buga sunan ya kai ka, ko ina aka mayar da na'urar. Mu ba mu taɓa yi wa namu suna ba. Tun muna yara muka yanke cewa suna na ragwaye ne, ɗan zaure na gaske da ka yake riƙe lambar. Muka yi ta alfahari da wannan wauta har muka yi furfura. To lambar ta layin shagon ce, ba ta bin mutum gida. In na kai Tsohuwa ɗakina a Bucheon, sabuwar lamba za ta samu. Kwamfutar Mi-ran ta iya sake ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa in layi ya yanke, ta sha yi. Abin da ba ta iya ba shi ne karanta sanarwa. Sai mutum ya zauna, ya karanta, ya buga sabuwar lambar da yatsunsa.

Na rubuta sabuwar lambar a saman zaure tun da sauran makonni. Na sake rubutawa. Na sake, har Dong-ryeol ya ce in na ƙara zai kai ni ƙara.

Ranar ƙaura Dong-ryeol ya zo da hantsi, riƙe da busasshen kifi an naɗe shi da farin zare.

"Na mene ne wannan?"

"Na Tsohuwa. A rataya mata a sabon wuri, kada ido ya kama ta."

"Ni fa? Ni ba ka kawo min komai ba?"

"Hyeong, wane ido ne zai tsaya a kanka?"

Muka sa aka kawo taliya mai baƙar miya, tun da ba a ƙaura sai da ita. Muka zauna a kan kwalaye muna ci. Duk shagon an kwashe, saura teburi da Tsohuwa da allo. Dong-ryeol ya bi idona da kallo har zuwa 'yar tagar.

"Har yanzu budurwar taka tana amsawa?"

"Ci abincinka."

"Ina ci. Ka san ko firjin gidana haka yake, in na buɗe sai ya kunna min fitila. Ban taɓa cewa sona yake ba."

"Firjinka bai san ka ba ne."

"Tsakani da Allah, hyeong, me zai hana ka bar shagon nan haka, ka hau mota ka je Tongyeong? Garin duka nawa yake?"

"In je in ce me? Sannu, ni ne wanda kwamfutarki ke gaisawa da tawa?"

"An yi aure a kan abin da bai kai wannan ba. Ni a layin biyan kuɗin wuta na samu tawa."

"Shi ya sa har yau kake biya."

Ya yi dariya har miya ta zubo masa a tayen da ke wuyansa. Da ya goge, sai ya yi ƙasa da murya. "In ba ta zo ba fa?"

Na ture kwanon taliyar gefe. Tambayar da na yi makonni ina kewaye ta ke nan, kamar mai kewaye rami a hanya. Muddin Tsohuwa na nan a kunne, ba sai na sani ba. In na zare waya, zan sani.

Mai motar kaya ya leƙo. "Maigida, wannan akwatin ma da shi, ko na bola ne?"

"Da shi."

"To a taimaka, na tare hanya a ƙasa."

Na jira gaisuwa ɗaya ta ƙara wucewa. PING. PONG. Sannan na rubuta wa zaure, "Sai mun haɗu a can," kamar mai sallamar taro, na kashe Tsohuwa. Ban taɓa sanin fankarta na da ƙara haka ba sai da ta yi shiru. A mota a cinyata na riƙe ta, kifin yana samanta, direba yana satar kallona.

Kafin yamma na kunna ta a Bucheon, tsakanin injin wanki da taga. Dong-ryeol ya shigo zauren ta wayarsa tun yana cikin jirgin ƙasa, ya rubuta, "Wurin ya fi wancan ƙamshi." Washegari ɗaya daga cikin 'yan sabuwar shekara ya shigo, abin da ya ba ni mamaki. Ɗayan bai zo ba, ban kuma yi kewarsa ba, Allah ya yafe min.

Miyeok ba ta zo ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Na riƙa tunanin kwamfutar nan ta Tongyeong tana ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu, ba gajiya, ba fushi. Na ce wa kaina ai dama na sani. Na rufe 'yar tagar, tun da ba abin kallo a ciki sai Dong-ryeol, shi kuwa ko a fili ban cika son kallonsa ba. Na fara karɓar gyara a gida. Na gano ashe unguwarmu akwai tsuntsaye.

Wata Laraba da rana ina shanya safa, waya ta yi ƙara. Dong-ryeol ne, yana haki.

"Hyeong! Kana gaban allo?"

"Ina gaban safa."

"Jefar da su, dalla! Duba zaure!"

Na duba. Layi ɗaya ne sabo, irin wanda Tsohuwa ke rubutawa da kanta: miyeok ta shigo. Daga Tongyeong.

Na zauna a kan kwandon wanki, ya lotsa.

"Ka gani?" in ji shi. "Da hannu fa! Na'ura ba ta yin wannan!"

"Na sani."

"Ke nan tana karantawa. Duk shekarun nan! Wayyo, har da labarin basir ɗinka."

"Na sani, Dong-ryeol."

"To yi magana mana! Me kake jira, a buga maka ganga?"

"Ita ta ce wani abu?"

"Ba ta ce ba. Kai ma ba ka ce ba. Haka za ku mutu, ku biyun, kowa na jiran kowa."

Na kashe wayar. Tana raye. Ta zauna a gaban allo, ta nemo lambar, ta buga ta ɗaya bayan ɗaya, wataƙila da tabarau a hanci kamar ni. Ta zo, kuma ta zaɓi ta yi shiru. Ban san wanne ya fi nauyi a cikin biyun ba.

Na rubuta doguwar magana, na goge. Na rubuta gajera, na ga ta fi doguwar muni. Na kama kaina ina shirin yi mata bayanin yadda na haɗa sabon layin, na janye hannuna kamar na taɓa wuta. A ƙarshe na rubuta abin da uwata ke tambayar duk wanda ya shigo gidanmu, ko ɓarawo ne:

"Mi-ran, kin ci abinci?"

Na aika. Sauran safar na nan a jiƙe a hannuna, ruwa na ɗiga a ƙafata, ban tashi na shanya su ba.