Shayin Uwar Ɗaki

A wannan shagon ɗinki kowa da hannunsa yake haɗa shayinsa, kuma babu mai fatan a haɗa masa. Dalili kuwa, uwar ɗakinsu mace ce mai nauyin baki, ba ta iya kallon idon mutum ta ce masa aiki ya ƙare. Idan za ta sallami ma'aikaci, sai ta tashi da kanta ta jona buta, ta ɗauko farin kofin baƙi, ta haɗa masa shayi daidai yadda yake so, ta kai masa har gaban kekensa, ta zauna kusa da shi sai ya shanye. Daga nan ba sai an yi dogon bayani ba. Wai ita a ganinta karamci ne. Karamci, ina! Ai gara a zage ka a fili.

Kuma ta san shayin kowa, domin a shagon nan shayi abin tsokana ne. Mai guga sai ya matse lemon tsami har fuskarsa ta yamutse kafin ya kai baki. Mai sa maɓalli kuwa tsoma ganyen kawai take yi ta cire, ana ce mata ta sha ruwan zafinta ta huta. Mai Almakashi, wadda ita ce ke yanka duk yadin da ya shigo shagon, baƙi ƙirin take shan nata, da citta, babu sukari ko ƙwaya. Ƙanwarta Auta, da ke kan keken kusa da taga, madara take tulawa, ta bi da sukari cokali bayan cokali, sannan ta ajiye ya huce.

"Auta, wannan shayi ne ko alewa?" in ji Mai Almakashi kusan kullum.

"To Yaya, ke naki shayi ne ko maganin shawara?"

Yau babu wanda ya yi wannan raha. Kekuna na ta aiki, amma bakuna a rufe, saboda abin da ya faru jiya.

Gaskiyar magana, idon Mai Almakashi ya fara tafiya. Tun bara take gani dishi-dishi, lambobin tef suna haɗe mata, layin alli yana rabuwa biyu. Babu wanda ya sani sai Auta. Ita ke zura mata zare a allura a ɓoye, ita ke wucewa ta gefen tebur kamar za ta ɗauki wani abu, ta raɗa mata awon. Mai Almakashi ta shekara ashirin da wani abu a kan teburin nan, kuma ba ta san wata sana'a ba. Tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci. Wa zai ɗauki mai yanka da ba ta gani?

Wata mata ce ta kawo yadi mai tsada, wanda ɗanta ya aiko mata daga nesa, mai zanen ƙananan tsuntsaye, launin zanen kusan ɗaya da na yadin. Auta ta fita kai ɗanta asibiti a lokacin, Mai Almakashi ta shimfiɗa yadin ta yanka. Bayan rigar gaba ɗaya ta yanke shi a juye. Da Auta ta dawo a gajiye ta ɗinke ba ta lura ba. Jiya mai rigar ta zo, ta saka, ta juya a gaban madubi, sai ga tsuntsaye duk kawunansu a ƙasa. Matar nan ta yi masifa har masu shagunan maƙwabta suka leƙo. Ta ce ba ta ƙara taka ƙofar, kuma ƙawayenta ma za su ji labari.

Da ta tafi, uwar ɗaki ta ɗaga rigar ta ce, "Wa ya yanka wannan? Na san dai ba ke ba ce." Ta faɗi haka tana kallon Mai Almakashi, domin ba ta taɓa ɓata yadi ba.

Auta ta ce, "Ni ce, ranki ya daɗe. Yaya aiki ya yi mata yawa, na karɓa."

 Haka Mai Almakashi ta kama hanyar gida ba ta gyara maganar ba. A hanya ta ce, "Auta, me ya sa?" Auta ta ce, "Faɗa kawai za ta yi mini, Yaya, ya wuce. Ke kuwa in ta gane idon, shi ke nan." Mai Almakashi ta yarda, saboda tana so ta yarda.

Yanzu ga shi hantsi ya yi, uwar ɗaki ta fito daga ofishinta ba ta gaida kowa ba, ta nufi kusurwar da buta take. Mai guga ya ajiye dutsen gugarsa. Keken mai sa maɓalli ya tsaya.

Daga teburinta Mai Almakashi ba ta hango komai sai inuwar mace mai sunkuye. Don haka ta kasa kunne. Ta ji an zuba ruwa, ta ji butar ta fara huci. Ta ji an buɗe kabad an ɗauko farin kofin, shi kaɗai ke yin wannan ƙarar a kan faranti.  Ta ce a ranta, ta gane. Ta kwana tana tunani ta gane, yanzu zan ji ƙanshin citta.

Sai ta ji murfin gwangwanin sukari. Cokali ya shiga, ya fito. Ya sake shiga. Ya sake.

Wallahi abin da ya fara zuwa mata daɗi ne. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ta sauke numfashi, ba ita ba ce. Kafin numfashin ya gama fita kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ƙanwarta fa! Auta da mijinta ya rasu ya bar mata yara, ga ƙaramin ba lafiya. Korarta ce take wa murna?

Ta juya wajen taga. Fuskar Auta ba ta fito mata sosai ba, amma ta ji kekenta yana ci gaba da gudu, shi kaɗai a duk shagon, da sauri fiye da kima.

Uwar ɗaki ta taho a hankali da kofin a kan faranti. Dole ta bi ta gaban teburin yanka kafin ta kai taga. Mai Almakashi ba ta san lokacin da ta miƙe ba, sai ji ta yi cinyarta ta bugi gefen tebur.

"Ranki ya daɗe, kawo nan. Nawa ne."

"Naki? Ke da ba kya shan sukari?"

"Yaya, zauna," in ji Auta da ƙarfi. "Don Allah ki zauna."

Mai Almakashi ta miƙa hannu, ta kuskure kofin, yatsunta suka kama iska. Ta lalubo shi a karo na biyu. Kowa ya gani. Ta kafa kai ta sha, da zafinsa da komai, zaƙin yana tayar mata da zuciya, ba ta sauke ba sai da sukarin da bai narke ba ya taɓa leɓenta.

"Ni na yanka rigar," ta ce. "Ban ga tsuntsayen ba. Ko yanzu aka shimfiɗa mini ba zan gan su ba. Tun bara Auta ke karanta mini tef."

Auta ta kifa kai a kan keke ta fashe da kuka.

Uwar ɗaki ta daɗe a tsaye da farantin a hannu. Tare suka fara shagon nan da Mai Almakashi, lokacin keke ɗaya ne da benci. Ta ce, "Haba, haba ke kuwa." Mai Almakashi ta jira. Wani ɓangare na zuciyarta yana cewa ko za a ce ta koma kan guga, ko ninke kaya, ko ma shara, duk za ta karɓa.

Uwar ɗaki ta karɓi kofin daga hannunta, ta koma kusurwa. Aka ji ta wanke shi, aka ji ta ƙara ruwa a buta. Mai Almakashi ta zauna, ta goge almakashinta da gefen zane, ta ajiye shi a kan tebur.

Can muryar uwar ɗaki ta fito, ba ta ko juyo ba.

"Cittar, a daka miki ko a jefa haka?"

"A daka," in ji Mai Almakashi.