Kakannin Baba Maigandi Goma Sha Biyu

"Wallahi faifan nan ba ya gyaruwa," in ji Ikrima ta waya daga Kaduna. "Daga minti na shida murya ta fashe. Mizanin sautinka ya haye ja ya zauna can. Ba ka gani ba ne?"

Ikrima shi ke gyaran ƙarshe, ya fitar da uwar kaset kafin a buga. Sau biyu ke nan ina aika masa ta hannun direba. Na farko ya dawo da shi, wai na matse waƙar don ta yi ƙanƙanta, sai in aiko ta asali yadda na ɗauka. Na aika, ga kuma wannan.

Na gani mana. Da idona na gani.

Waƙar Baba Maigandi ce, maƙwabcinmu a Gwadangaji, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohon masunci ne na Argungu, da ƙafa ta gaza 'yarsa Baiwa ta ɗauko shi. Ita ta roƙe ni in ɗauki waƙarsa ta su, wadda yake yi wurin kamun kifi, don a cikinta yake jero kakanninsu goma sha biyu, kuma duk dangin ba wanda ya riƙe su sai shi.

Ranar ɗauka na shimfiɗa masa tabarma a shagona na ɗaukar sauti, na ce ya yi magana in daidaita ƙarfin sauti. Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Lahiya lau, lahiya lau," kamar mai gaida suruki. Ni kuma sarkin wayo, a kan wannan 'yar muryar na buɗe na'ura. Ai kuwa da ya zo kan sunayen sai ya gyara zama, ya dafe kunne, ya ware murya irin wadda ake kiran mai jirgi daga wancan ƙetaren gulbi. Hasken mizani ya bar kore, daga suna na biyar ya manne a ja.

Ina durƙushe gabansa riƙe da makirfo, maɓallin ragewa yana can bayansa. Sai dai in tsallake ƙafafunsa, ko in katse shi. To wa zai katse dattijo yana kiran iyayensa? Da ya gama, yana haki, ya ce, "Ta yi?" Na ce ta yi. Kunya ta hana ni cewa a sake, na bar wa Kaduna aikin.

Ina ajiye wayar Ikrima na ɗauki ƙaramar rikoda na shiga gidan su Baba Maigandi, ana sallame la'asar. Sati uku ke nan yana kwance. Ɗakin yana warin man zafi, ga tsohuwar homarsa ta kamun kifi rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

"Shigo, Mujtaba," in ji Baiwa. "Tun jiya ko kunu bai sha ba."

Na gaya mata gaskiya a bakin ƙofa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin ya fi mini sauƙi. Ta duƙa kusa da kunnensa.

"Baba, sunayen nan Mujtaba ka so ka sake hwaɗi."

Ya daɗe kafin idonsa ya same ni. "Ba kai kac ce ta yi ba?"

"Ni nic ce, Baba."

"To." Ya lumshe ido. Na kai makirfo har yana taɓa gemunsa, na buɗe ƙarfin sauti har ƙarshe. Yau da nake neman murya ko da ta fasa lasifika ce, babu ita.

"Hodi," ya ce. "Hodi ɗan Riskuwa."

Muka jira. Akuya ta yi kuka a tsakar gida, rikoda ta ɗauka tas. Leɓensa yana motsi, iska kawai ke fita. Baiwa ta jiƙa masa baki da ruwa, ya sake farowa daga Hodi, ya sake tsayawa a Riskuwa. Su kuwa waɗannan biyu muna da su, sun fito kafin murya ta fashe. Na zauna riƙe da ƙarfe a hannu kamar wawa, ban taɓa jin ba ni da amfani irin na ranar ba.

Washegari da hantsi ya cika. Aka kai shi Argungu, yadda ya yi wasiyya.

Bayan sadakar bakwai Baiwa ta zo shago da littafin makarantar 'yarta da biro. Ta ja layi goma sha biyu, ta ce in sa mata waƙar. Ta rubuta huɗu. Daga na biyar sai ƙara, kamar ana yaga kwano, muryarsa tana can ƙarƙashi tana kira. Ta miƙa hannu ta rage sauti da kanta.

"Ragewa ba ta gyara shi, Yaya Baiwa," na ce.

"Maida baya."

Na mayar. Ta jawo kujera, ta zame mayafi daga kunnenta ɗaya, ta manna shi jikin lasifika. Bakin biron yana kan layi na biyar.

"Sake," ta ce.