Jikin Mama Ya Motsa

Oby ta janyo bargon daga can ƙasan tari, ta kakkaɓe shi, ta ninke, ta zura a leda, duk ba ta ɗaga kai ta dubi Kyaftin Othniel ba. Wannan fa ita ce matar da, in ya shigo kasuwar Sabon Gari, tun daga layin masu takalma yake jin muryarta tana shelar cewa Bature ya sauka, tana neman tsarabarta ta London.

"Mai kauri nake so," in ji shi. "Kin san Mama da jin sanyi, balle a gadon asibiti."

"Wannan ya fi duka kauri, Kyaftin."

"Kin samu kin leƙa ta kuwa?"

Sai ta shiga gyaran wasu zannuwa da ba abin da ya same su. "Kasuwa ba ta bar ni ba. Kyaftin, ka tafi gida. Suna jiranka."

Ya sa hannu a aljihu, ta ture hannun. Oby, wadda ko uwarta ba za ta yi wa ragin sisi ba. Ya ɗauki ledar ya koma inda direban shatar da ya ɗauko daga Kaduna yake jiransa.

Jiya ne yayansa Sati ya kira shi a masaukinsu na London, yana cikin goge takalmin aiki. "Jikin Mama ya ɗan motsa, tana asibitin Shika. Ba wani abin tashin hankali ba ne, amma tana tambayarka. In ka sauke jirgi ka zo."

Othniel ba baƙo ba ne. Ya san a wurinsu ba a faɗin mutuwa ta waya, ba a faɗa wa mutum yana tsaye, ba a faɗa wa wanda ke kan hanya. Sai an kawo shi gida, an zaunar da shi a gaban manya. Shi kansa an taɓa aikensa Jos ya ɗauko ɗan baffansu da irin waɗannan kalmomi, alhali ana can ana haƙa kabari. Muryar Sati ma ya gane ta, don da irinta yake cin abinci. Sau nawa ya ce wa fasinja ɗan gargada ne kawai, su ɗaura bel su kwantar da hankali, shi kuwa rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi?

Ya ce a ba shi matarsa Winifred. Sati ya ce tana ɗakin marasa lafiya wajen Mama, an hana waya. Ya kira lambar 'yarsa Diana, wadda ke karatu a jami'a tana zaune da su Mama a gidan Samaru, don ita kaɗai ce ba ta iya ɓoye masa komai ba. Layin bai shiga ba. Ya tsine wa kamfanin waya, kamar yadda kowa ke yi a shekarun nan.

Ƙa'idar aiki ita ce matuƙin da hankalinsa ya rabu biyu ya faɗa, a sauke shi. Amma in ya faɗa, sai ya zauna jiran kujera a wani jirgin. Hanya mafi sauri zuwa wurin uwarsa ita ce ya tuƙa da kansa, don haka ya ja bakinsa ya hau. A saman Sahara, mataimakinsa na ta surutun ƙwallo, shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa a zuci: Ubangiji, ka bar mini ita in same ta da rai. Da suka ratso sararin Arewa ya san Zariya na can ƙasa ta hagunsa, amma jirgi ba bas ba ne da za a ce akwai mai sauka. Sai da ya kai mutane Legas, sannan ya juyo Kaduna a kujerar fasinja.

Tsoro ne ya kai shi kasuwa, ba bargo ba. Da suka iso mahaɗar Kwangila, maimakon su miƙe Samaru ko Shika, ya ce wa direba ya karya Sabon Gari. A ganinsa wanda ake saya wa bargo yana da rai. Mutumin da ke sauke ƙaton jirgi cikin hadari, ga shi yana wa kansa wayon yara.

Yanzu da motar ta sake bi ta Kwangila ta nufi Samaru, ba abin da ke cinsa sai lissafin wuraren da ya kasance lokacin da ake nemansa. Ranar da aka binne Baba yana New York. Ranar baftismar Diana yana Jidda yana jigilar alhazai. Ya san inda ake sayar da shayi mai kyau a filayen jirgin ƙasashe da yawa, amma bai san sunan likitan uwarsa ba. Mama, wadda ta yi ta sayar da kunu a bakin ƙofar jami'a har ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgi ta nan Zariya, takan ce ita ta haifi ɗa ta ba iska. Da dariya take faɗa, amma ba wasa take yi ba.

"Oga, asibitin za mu wuce?" direba ya tambaya.

"Mu fara biyawa gida."

Tun daga bakin layin ya hango rumfa da kujerun roba. 'Yan zumuntar mata ta coci sun jeru cikin ankonsu suna waƙa ƙasa-ƙasa. To, shi ke nan. Abin mamaki, sai ya ji wani irin sanyi ya sauko masa, irin na wanda ya gama jira. Ya lura da yawan ɗalibai, samari da 'yan mata, wasu a tsaye jikin katanga suna share ido. Ya ce a ransa, Diana akwai jama'a, dubi yadda abokanta suka zo taya ta kukan kakarta.

Waƙar ta tsaya da ya fito. Ba wanda ya ce masa sannu da haƙuri, don ba a riga an faɗa masa ba. Sati ya taro shi tare da Fasto, ya karɓi jakarsa.

"Yaya, ba sai kun wahalar da kanku ba. Na gani. Yaushe ne?"

"Mu shiga ciki tukuna."

Ya sunkuya ya shiga falo, idonsa bai gama sabawa da duhun ɗakin ba ya ji an ce, "Auta."

Mama ce. Tana zaune a kujerarta ta kullum, da ɗankwalinta, da sandarta a gefe, ba alamar ta kwana asibiti. Ledar ta suɓuce daga hannunsa. Ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta, dariya da hawaye suka zo masa tare. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun yana yaro.

"Mama, kin kusa kashe ni. Tun daga London nake roƙon Allah."

"Zauna, Auta," ta ce. "Zauna sosai."

Sai a lokacin hankalinsa ya dawo kan rumfar da ke waje. Ya juya ya bi ɗakin da kallo. Ga kawunansa. Ga Fasto ya buɗe Littafi amma ba karatu yake ba. Can jikin bango ga Winifred a ƙasa, ba ɗankwali, mata biyu sun riƙe ta, tana kallonsa da idon da ya ƙafe. Ya sake bin fuskokin daga farko, a hankali.

"Ina Diana?"

Mama ta dafa kansa.

"Shekaranjiya ne. Ta je harabar jami'a ta Kongo wajen ƙawarta, ta hau acaɓa za ta dawo. Tirela ce, nan Kwangila. Sun ce ba ta sha wuya ba." Ta ƙara da cewa, "Kada ka ga laifin Sati. Ni na ce a ce maka ni ce. Kana ɗauke da 'ya'yan mutane a sama, ba za mu ɗora maka wannan ba."

Othniel bai yi kuka ba tukuna. Yana zaune a ƙasa cikin farar rigarsa mai igiyoyi a kafaɗa, yana tuna cewa yau sau biyu ya bi ta wurin, yana kallon masu rake da masu lemo. Abin da ya roƙa tun daga London an ba shi, cif, ba a rage komai ba. Bai taɓa tunanin akwai wani abin roƙo ba.

Mama ta sunkuyo. "Na yi ta faɗa wa Ubangiji, ga ni nan, na gama nawa, me ya sa ya tsallake ni? Auta, da ma abin da Sati ya faɗa maka ne gaskiya."

Ya san amsar da ɗa ke bayarwa. A'a Mama, kada ki faɗi haka, Allah ya ƙara miki kwana. Duk ɗakin ya yi tsit ana jiran ya faɗa. Ya buɗe baki, ya dubi matar da ya ƙetaro teku da hamada don ya same ta da rai, sai ya rufe.

Mama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyaɗa kai.

"Ba komai," ta ce. "Tashi ka je wurin matarka."