Wacce Fitilar Ƙofa?

Emrys Mai Madara bai bar wasiyya mai yawa ba. Ana jibi zai cika, ya kamo hannun ɗansa Gethin a gadon asibiti, ya ce, "In za ku fita da ni daga majami'a, ku sa mini waƙar nan. Ta fitilar ƙofa."

Gethin ya ce to. Bai tambaya ba. Me zai tambaya? Waƙar da ya tashi yana ji ce a bakin uban, a motar raba madara, a banɗaki, a gaban butar shayi.

Sai da Mista Probert mai shirya jana'iza ya zo gidan, ya juyo masa fuskar waya, ya ce, "Wacce daga ciki?"

Gethin ya duba. Waƙoƙi ne rututu, kowacce da fitilar ƙofa a sunanta. Wata ta ce a bar ta a kunne. Wata ta ce a kashe ta. Wata ta Amurkawa masu jita da faffaɗar hula, wata ta 'yan rawa. Yana jan yatsa suna ƙara ɓullowa.

"Guda ɗaya tak," in ji Probert. "Daga bagade zuwa ƙofa ba nisa. Ka sanar da ni kafin Juma'a."

Uwarsa Nerys ta ce, "Wannan ma abin tambaya ne? Wadda muka yi rawa da ita ranar aurenmu mana."

Gwaggo Delyth, yayar mamacin, ta dire kofin shayi. "Rawa? Ke kika yi rawa. Shi taka miki ƙafa ya yi ta yi. Ta babanmu yake nufi, mai sanyin nan. Tun bai san da ke a duniya ba yake rera ta."

"Ka ji ta ko, Gethin? Na tsufa ina wanke wa mutum safa, amma ita ce ta san zuciyarsa."

"Safa daban, zuciya daban."

"Ga biskit, Delyth. Ba bakinki aiki."

Gethin ya fita ya bar su. Ya shiga mota, ya rufe gilashi. Yayyafi na sauka a kan rufin gidajen da ke jere har gindin dutse. Ya kunna ta uwarsa.

Ita ce. Farkon nan, shi ne, har inda uban ke jan numfashi. Gethin ya lumshe ido. Sai waƙar ta karkata ta bi wata hanya da bai taɓa ji ba. Ya mayar baya. Haka ta sake yi.

Ya kunna ta Gwaggo. Baƙuwa ce. Har zai kashe, tsakiyarta ta zo, ga muryar uban nan kamar yana zaune a kujerar gefe. Ta ɗan jima, ta ɓace.

Ya kifa kai a kan sitiyari. Ko dai kansa ne ya taɓu? Mutum ya ji abu tun yana rarrafe, a ce bai san shi ba?

Da la'asar ya gangara kulob ɗin 'yan ƙwallo, wurin Huw Gawayi, aminin uban tun suna makaranta. Ya same shi a kujerarsa ta kullum, da kofi a gaba.

"Ɗan Madara! Zauna. Fuskarka kamar an bar ta a rana ta yi tsami."

Gethin ya faɗa masa. Huw ya yi dariya har da tari.

"Matan nan! Ta aure, ta uba. Babu ko ɗaya, yaro. Ta mutumin da matarsa ta kulle shi a waje ce. Duk ranar da muka ci wasa, kan teburin can ubanka yake hawa ya rera ta, da wando naɗe."

"Baba? Kan tebur?"

"Shi fa. Sau ɗaya har ya faɗo a kan fasto."

Gethin bai taɓa ganin uban ya hau ko kujera ba. Ya nemo waƙar, ya ajiye wayar a tsakaninsu. Hayaniya ce zalla, ganguna da ihu. Ba ta yi kama da komai ba. Sai can ƙarshe ta sauko, ta ƙare daidai yadda uban ke ƙarewa in ya ja birki a ƙofar gida.

"Kawu Huw, wacce yake nufi?"

"Ni dai tawa na sani."

Ranar Alhamis ya kira Probert ya ba shi ta uwarsa. Ba don ya yarda ba. Don ita ce za ta zauna a gidan nan ita kaɗai. Ya ajiye waya yana jin kamar ya yi wa gawa ƙarya. Abu ɗaya mutumin ya roƙa.

Majami'a ta cika ranar Juma'a. Duk wanda Emrys ya taɓa ajiye wa kwalbar madara a bakin ƙofa ya zo. Fasto ya gama. Maza suka ɗauki akwatin gawar a kafaɗa, Gethin a gaba, Huw a bayansa yana haki. Probert ya danna na'ura.

Waƙar ta tashi. Nerys ta kama jikin benci. Gwaggo Delyth ta taɓe baki, ta kalli rufi.

Gethin bai san yana rerawa ba sai da ya ji muryarsa. Ƙasa-ƙasa, kunnensa manne da katako. Aka zo inda waƙar ke karkata. Ta karkata. Bakinsa bai bi ta ba. Ya bi hanyar da ya saba, ya faɗa tsakiyar ta Gwaggo.

Wani a baya ya ɗauka. Sai wata tsohuwa daga layin sama. Sai benci guda. Mutanen da suka yi shekaru suna jin ta a bakin Emrys ta taga da sassafe, ba su san wata ba sai wannan. Na'ura na jan tata, jama'a na jan tasu. Probert ya duba hagu, ya duba dama, ya kashe.

Gwaggo Delyth ta miƙe. "Tamu ce!" ta ce, da kuka.

A bakin ƙofa waƙar ta sake juyawa, ta sauko ƙarshen ta Huw. Huw ya ɓarke da ita har akwatin ya girgiza. Fasto ya sunkuyar da kai.

A waje ruwa ya tsaya. Aka tura akwatin cikin mota. Nerys ta zo ta gyara wa ɗanta kwalar riga.

"Ubanka bai taɓa riƙe waƙa ɗaya har ƙarshe ba," ta ce. "Na ɗauka kowa ya sani."

"To wacce ya ce a sa, Mama?"

Ta dube shi. Ta dubi motar.

"Tawa mana," ta ce. "Shiga mu tafi."