Dutsen da Na Wanke

"To hodar waye waccan a can sama?" na tambaya, ina nuna irin farar hodar da muke shafawa a hannu kafin mu hau dutse.

"Kashin tsuntsu ne, Ƙadangaruwa," in ji mijina, yana ta gyara katifar da muke shimfiɗawa a gindin dutse saboda faɗowa, ba tare da ya ɗago ba.

"Tsuntsu mai yatsu biyar? Sannu, Yallaɓai."

Ni na gano dutsen nan a bayan rafi, inda ba a jin komai sai ruwa da kukan kurciyoyi. Bai fi tsayin ɗaki ba, amma ya sunkuyo kamar zai raɗa wa ƙasa magana. Damina guda na yi ina kankare gansakukarsa da burushi har farcena ya ƙare. A wurin masu hawan dutse ba igiya kuwa, ƙa'ida ce: wanda ya wanke dutse shi ke fara hawansa, shi ke raɗa masa suna. Ko zai shekara yana faɗowa, jiransa ake.

Kullum nakan kai gab da mariƙin ƙarshe, ɗan tudun da ake kamawa a haye sama, in suɓuce, shi kuma yana ƙasa, hannuwa a sama, yana tare ni. Na rantse a lokacin ban san wata soyayya da ta wuce wannan ba. Sai na gurɗe a ƙafa, na yi wata biyu ina kallon silin.

Yau na dawo, ga shatin tafinsa fari fat a inda hannuna bai taɓa kaiwa ba.

"Gwadawa kawai na yi," ya ce. "In ga ko mariƙin zai ɓalle da ke."

"Ka kai sama?"

Ya ci gaba da jan katifar.

"Tambayarka nake. Ka kai?"

"Na kai. Wallahi jikina ne ya tafi da kansa." Ya matso, har da murmushi. "Amma ji mana, sunanki na sa masa. Duk abokanmu Ƙadangaruwa suke kiransa yanzu."

Ashe har sun sani. Har sun zo sun tafa masa, ina gida ana gasa mini ƙafa da ruwan zafi, shi kuma ya dawo da yamma yana tambayata ya jiki.

"Kyauta ce fa," ya ce a hankali.

"Da kayana ka yi mini kyautar?"

"Haba, dutse ne kawai! Yana nan, bai gudu ba. Sa takalminki, in nuna miki inda za ki ɗora dunduniya. Akwai wani ɗan lungu da ba ki..."

"Kar ka faɗa!"

Ya riga ya nuna da yatsa. Idona ya bi, na gani. Abin da na so in gano da jikina, ko zai ɗauke ni shekara, ya miƙo mini shi kamar ragowar abinci.

Na share hawaye da bayan hannu, na tura takalman cikin jaka, na ɗauki burushina.

"Riƙe dutsenka, har sunan," na ce. "Ba zan hau shi ba. Wani dutsen zan nema, kuma ba za ka san inda yake ba."