Ɗingishin Aro

A ɗakin jiran masu gashin ƙashi kowa da shaidarsa, wannan da sanda, wancan da hannu a rataye. Ita kuwa malamar makarantar garau take a ido. Da wata dattijuwa ta tambaye ta, "'Yata, ke ina ne?" sai ta ce gwiwa ce. Ta ina za ta fara cewa tun da ta haihu, duk sanda mijinta ya kusance ta ji take kamar ana yanka ta?

A ciki, likitar ta sa safar hannu ta ce, "Naman ƙasan mararki ne ya ƙulle, kuma cijewar da kike yi ƙara ƙulle shi take. Ja numfashi, ki saki jiki. Da kin ji zafi ki ce in tsaya."

Yayarta haƙuri ta ba ta, mijinta ya koma kwana a falo, babu wanda ya taɓa ce mata tana iya cewa a tsaya.

A hankali ta ce, "Tsaya."

Hannun ya tsaya cak. Hawaye suka gangara cikin kunnuwanta.

Da ta fito, dattijuwar na nan tana kallo, sai ta yi mata ɗingishi har bakin ƙofa.