Kwalbar da Sista Dorkas Ta Kasa Faɗa

Wata biyu ke nan da Sista Dorkas ta dawo daga kwas a Minna, ta kafa benci da tebur a barandar ƙaramin asibitin unguwarsu a Kontagora, tana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. A can an nuna musu lissafi ɓaro-ɓaro: yaro mai zawo rashin ruwa ke kayar da shi, kuma waɗanda aka yi ta ba ruwan nan sun fi waɗanda aka yi wa allura tashi. Ta yarda har zuciyarta. Sai dai littafin da take rubuta masu dawowa ya fara ba ta kunya. Cikin mata goma, bakwai sai su ce yaro ya ƙi sha.

Ran Talata da hantsi Hajiya Maiturare, ungozomar unguwa, ta iso da matar ɗanta Turai, goye da Lukuman ɗan wata goma, idanunsa sun faɗa. Ko zama Hajiya ba ta yi ba. Ta ce kwana biyu suna fama da zawo, da an kai masa cokalin haɗin nan sai ya tofar. In ba za a yi masa allura a nan ba, kemis ɗin bakin kasuwa ba ya musu da kowa.

Dorkas ta san in suka fita za a soka masa allura, a mai da shi gida ba ɗigon ruwa a cikinsa. Ta roƙi Hajiya ta zauna ko na minti goma, ta tambaya ko sun zo da sauran haɗin. Turai ta zaro wata kwalbar lemo daga jaka, an toshe bakinta da totuwar masara. Dorkas ta ɗanɗana, fuskarta ta yamutse ba shiri. Abin da aka ce kada ya fi hawaye gishiri, ga shi kamar romon bushasshen kifi.

Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, in ji Turai, sukari ƙwaya biyar, yadda aka koya musu.

"Ruwan fa, da wace kwalba kika auna?"

"Da wannan, Sista. Kin ce babba. Ita ce babba a ɗakina, sauran na turare ne."

Nan Dorkas ta gane inda matsalar take. A Minna ma'aunin a fili aka faɗa: kwalbar giya ɗaya. Ita kuwa a tsakiyar Musulmi ta tashi, bakinta ba zai iya furta kalmar nan gaban hajiyoyi ba. Sai ta riƙa cewa kwalba, ta ƙara da babba can ƙasan maƙoshi. Hoton kwalbar da aka ba su a kwas ma ta manna shi a bayan ƙofa. Ashe wata biyu matan unguwa suna zuba gishirin a rabin ruwan da ya kamata.

Ta leƙa tagar ba da magani ta tambayi Malam Andarawus, mai kula da wurin, ko yana da irin kwalbar. Ya dafe ƙirji ya ce shi dattijon coci ne, ina zai san ta. Da ta tsare shi da ido, ya sunkuya ya jawo wata koriya daga ƙarƙashin kanta, ya ce ta kalanzir ce, kuma tsinta ya yi.

Ta kawo ta dire a tebur. Hajiya ta ja gyalenta baya.

"Ke 'yar nan, me zan gani haka?"

"Hajiya, laifina ne. Kwalbar giya ake nufi, na ji nauyin faɗa."

Matan da ke benci suka rufe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Hajiya ta ce ai faɗar suna ba sha ba ne, ita da ta karɓi haihuwa har a barikin soja me ba ta ji ba. Amma dai abin nan ba zai kusanci jikanta ba.

Ba sai ya kusance shi ba, in ji Dorkas. Ta cika kwalbar lemo da ruwa ta juye a koriyar, ya tsaya a rabi. Ta ƙara ta biyu, ya kawo wuya. Kowa ya gani. Aka kawar da koriyar, aka ɗauko kwano mai tsabta, Turai ta auna dafaffen ruwa kwalbar lemo biyu da hannunta, ta sa gishiri da sukari ta dama.

Hajiya ce ta fara kurɓa. Ta juya shi a baki, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya. Cokali na farko ya dalalo ta gefen baki. A na biyu yaron ya tsaya yana tunani, sai ya haɗiye. Kafin na biyar ya kama cokalin da hannu biyu yana ja.

Turai ta tambaya a hankali ko har yanzu za su biya kemis ɗin.

"Kina ganin mutum yana shan abinsa," in ji Hajiya. Ta tuɓe takalmanta ta tura ƙarƙashin benci. "Matso da kwanon."